Ciwon da ya hana ni zama

Ciwon da nake fama da shi yana wurin da mutum ba ya iya nunawa. Mai ciwon haƙori ya dafe kumatu, kowa ya gane ya yi masa sannu. Mai karaya ga ɗauri nan ana gani. Ni nawa, wanda daga baya na san na wata jijiya ce da ake kira fudendal, yana can ƙasan ƙugu, tsakanin gaba da dubura, kuma babu abin da ke tayar da shi kamar zama. Zama kawai, irin wanda kowa ke yi bai ma san ya yi ba. Na daure na rubuta labarina ne domin na san akwai mata da maza da ke cikin wannan hali sun yi gum, iyalansu kuma suna yi wa shirun nasu wata fassara dabam.

Abin ya faro ne bayan haihuwar autana. Naƙudar ta yi tsawo, na daɗe ina yunƙuri kafin kan yaro ya sauko, daga ƙarshe aka yi mini ƙari aka ɗinke. Da na koka da zafi aka ce na ɗinki ne, in yi haƙuri zai wuce. Ɗinki ya warke sumul, yaro ya fara rarrafe, ya miƙe da ƙafarsa, ƙunar tana nan. Ƙuna ce irin ta wuta, ta fi tsanani a ɓangaren hagu, wani lokaci ta zo da fizgar da ke harbawa har gaba. Akwai ranakun da nake jin kamar an cusa mini dunƙulen dutse a dubura, alhali babu komai. Ko kamfai ne ya ɗan matse sai ya zame mini azaba.

Da safe nakan tashi kusan lafiya lau. Zuwa hantsi ta fara motsi, rana na yin tsaka ta kama, da yamma kuwa ko magana ba na son yi. In na tsaya ta sassauta, in na kwanta ta lafa, da dare kuma ina samun barcina. Wannan tsari shi ya fi jawo mini zargi. An gan ni da safe ina shara ina dariya da yara, an gan ni tsaye ina aiki, an san ina barci, to ina ciwon? Wata 'yar'uwa ta taɓa faɗa a gabana cewa mai ciwon gaske ba ya runtsawa. Ba da mugunta ta faɗa ba, iyakar abin da ta sani ke nan.

Na yi yawon asibiti. Duk inda na je, da zarar na ce ƙasa ke yi mini zafi sai a ce ciwon sanyi ne, a rubuta antibayotik. In sha in gama babu canji, a sauya wani. Awon fitsari fes, awon jini fes, hoton ciki bai nuna komai ba. Wani ya ce basir ne. Wani ya dube ni ya ce, "Malama, damuwa ce ta yi miki yawa, ki rage tunani." Damuwa kam akwai ta, amma ciwon ne ya haife ta.

Akwai ɓarnar da wannan magana ta ciwon sanyi ke yi wa aure wadda ban taɓa jin wani ya ambata ba. In aka ce mace tana da sanyi ya ƙi jin magani, aka kuma ce a haɗa da mijinta a yi musu tare, to tambaya ta riga ta shigo gida ko da babu wanda ya furta ta: wa ya kawo? Maigidana mutum ne mai kamun kai, ni ma ya san hali na. Duk da haka ranar da na miƙa masa takardar maganinsa na ga fuskarsa ta canza. Ya sha bai ce uffan ba. Ni ma zuciyata ta raya mini abubuwa game da shi. Muka yi watanni muna kallon juna da wani irin ido, a kan cutar da babu ita a jikin ko ɗayanmu. Har yau in na tuna raina yana ɓaci, domin tun awon farko babu ƙwayar cutar da aka gani, kuma da an tsaya an yi mini 'yan tambayoyi da ba a jefa gidana cikin wannan zato ba.

Shimfiɗarmu ta mutu. Kusantar juna tana tayar da ƙunar, wani lokaci ba a take ba sai washegari, ta kuma yi kwanaki ba ta sauka ba. Jikina ya koyi tsoro. Da na ji ya matso sai in ƙanƙame ba da niyyata ba. Shi abin da ya gani shi ne matarsa tana gudunsa. Ya daina matsowa, ya daina tambaya, ya koma daɗewa a waje. Ba mu taɓa ɗaga wa juna murya ba. Gaisuwa tana nan, bai fasa sauke nauyin gida ba, amma hira ta ƙare.

Sai da zama ya gagare ni na lura cewa kusan duk zumunci a zaune ake yin sa. Cin abinci tare, karɓar baƙo, dubiya, ta'aziyya, biki, tafiya a mota, jiran layi a makarantar yara, duk sai an zauna. Surukata in ta zo sai in gaishe ta in ɗan ɗosana a gefen kujera, kafin ta gama labari na miƙe na ce bari in duba wani abu. Ta ɗauka raini ne, kuma ban ga laifinta ba, domin kowa aka yi wa haka abin da zai ɗauka ke nan. Ta gaya wa ɗanta cewa matarsa ba ta son zuwanta. Dangina su kuma suka ce na yi girman kai, tunda na daina doguwar tafiya zuwa sha'aninsu. Ta yaya za ki dubi uwar mijinki ki ce ga inda ke yi miki ciwo? Ko yayata da muke ciki ɗaya "ciwon baya" nake ce mata.

Sana'ata ɗinki ce, kuma tela a kan kujera yake cin abincinsa. Da farko na rage aiki, daga baya na fara saɓa alkawari, masu kawo mini kaya suka watse ɗaya bayan ɗaya. Na lulluɓe keke da zane. Rashin kuɗin ya taɓa ni, amma abin da ya fi ci mini rai shi ne na rasa wurin da nake jin ni ma gwana ce a wani abu.

A wannan tsakanin na shiga wani duhu da ba zan ɓoye ba. Na kai matsayin da in gari ya waye ba na murna, domin na san abin da yamma za ta kawo. Nakan dubi yarana in ji kamar da wata uwar suka samu da sun fi morewa. Autana a kwance na shayar da shi, bai san daɗin cinyata ba, in ya hau sai in sauke shi yana kuka. Duk wanda tunaninsa ya kai nan, ina roƙonsa ya faɗa wa wani, ya kuma faɗa wa likita ƙarara, domin baƙin cikin da ciwo mai daɗewa ke jawowa shi ma ana yi masa magani.

Babbar 'yata ce ta buɗe ƙofar. Wata rana suna cin abinci da babanta, ni ina tsaye da kwanona a bakin ƙofa, sai ta ce, "Abba, ka lura Umma ba ta zama? Ko mu kaɗai ne a gida ba ta zama." Bai amsa mata ba. Ashe maganar ta shige shi. Ya yi kwanaki yana lura da ni, ya ga ko babu shi, ko babu mahaifiyarsa, a tsaye nake yin komai, daga karatun yara har ninke kaya. Wani dare bayan an kashe fitila ya ce, "Don Allah ki gaya mini gaskiya. Ni kike gudu, ko wani abu ne?" Duhun ya taimake ni. Na faɗa masa komai, wurin da yake, yadda yake, abin da ke biyo bayan kusantarmu. Ya yi shiru mai tsawo, sannan ya ce, "Kin daɗe ke kaɗai. Daga yau tare za mu riƙa zuwa."

Likitan da ya gano abin, ƙwararre ne a fannin raɗaɗi, kuma bai fara da awo ba. Ya ga na ƙi zama, bai matsa mini ba, ya miƙe shi ma ya jingina da tebur. Ya tambayi lokacin da zafin ya fi tsanani. Ya tambaya ko yana tashe ni daga barci. Sannan ya ce, "Hajiya, in kin zauna a kan masai irin na zama, zafin yana raguwa?" Na dube shi baki buɗe, domin wannan sirri ne da ban taɓa gaya wa kowa ba. Nakan shiga banɗaki in rufe ƙofa in zauna, ba don wata buƙata ba, sai don nan ne kaɗai wurin da zan iya hutar da ƙafafuna. Ya ce dalili a fili yake: akwai rami a tsakiya, nauyin jiki yana sauka a kan cinyoyi da ƙasusuwan gefe, wurin da jijiyar take ya samu sarari.

Ya ɗauko takarda ya zana mana. Jijiyar fudendal ce, ɗaya a hagu ɗaya a dama. Tana tasowa daga saiwoyi uku a can ƙasan ƙashin baya, na 2 da na 3 da na 4 na faffaɗan ƙashin da ke bayan ƙugu. Ta fita daga cikin ƙugu, ta zagaya bayan wani tsinin ƙashi, ta ratsa tsakanin igiyoyi biyu masu tauri da ke ɗaure ƙasusuwan, ta sake shiga, ta bi wani siririn lungu da ake kira da sunan Benjamin Alcock, masanin sassan jiki ɗan ƙasar Ailan da ya bayyana shi a 1836. Daga nan ta rabu gida uku: reshe ɗaya zuwa dubura, ɗaya zuwa matsematsi, ɗaya zuwa gaba. Ita ke ɗauke da jin waɗannan wurare, kuma tana da hannu a riƙe fitsari da bayan gida. A kowace kwana ta wannan hanya za ta iya matsuwa ko ta miƙe fiye da ƙima. Doguwar naƙuda tana jawo haka, da faɗuwa a kan ɗuwawu, da yawan yunƙuri saboda taurin bayan gida, da wasu ayyukan tiyata, da daɗewa a kan sirdin keke. Ya ce maza ma suna yi, tun a 1987 wani likita a Faransa, Gérard Amarenco, ya bayyana shi a jikin masu tseren keke, kuma da yawansu ana daɗewa ana yi musu maganin furostet, wata gaɓa da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji.

Abin da ya sa hawaye ya zubo mini shi ne ƙa'idojin gano ciwon, waɗanda likitocin birnin Nant na Faransa suka wallafa a 2008. Guda 5 ne: zafin yana cikin yankin da jijiyar ke kaiwa, zama yana ƙara shi, ba ya tashin mutum daga barci, in aka gwada fatar wurin ba a samu ta mutu ba, kuma in aka yi wa jijiyar allurar kashe zafi ciwon yana lafawa. Barcin nan da aka riƙe hujjar cewa lafiyata ƙalau, ashe yana cikin alamomin. Hoton MRI da aka yi mini bai nuna komai ba, likita ya ce sau da yawa haka yake, ana yin sa ne domin a tabbatar babu ƙari ko wani abin da ke danne jijiyar.

Allurar ita ce ta ƙarasa shawo kan maigida, ko da yake ya riga ya yarda da ni. An kwantar da ni rub da ciki, ana kallon na'ura aka kai allurar kusa da tsinin ƙashin nan. Bayan ɗan lokaci aka ajiye mini kujerar katako aka ce in zauna. Na zauna a hankali ina jiran wutar, ba ta zo ba. Na jingina. Na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Maigida yana tsaye yana kallona, na ga ya juya baya yana share ido. Zuwa dare maganin ya sake ni, ƙunar ta dawo, amma mu biyun mun ga abin da muka gani. A hanyar gida ya ce, "Ki yafe mini zaton da na yi." Na ce shi ma ya yafe mini nawa.

Sanin sunan ciwo bai warkar da ni ba, kuma likitan bai yi mini alkawarin haka ba. Ya bayyana mana cewa farasitamol da irin magungunan kumburi ba su cika taɓa zafin jijiya ba, ya kuma ja mini kunne a kan taramol da danginsa, waɗanda jiki ke sabawa da su. Ya ɗora ni a kan amitiriftilin, ɗan kaɗan da dare. Maigida ya karanta takardar cikin kwalin ya ga an rubuta maganin ciwon damuwa ne, ransa ya ɓaci, ya zaci an sake mayar da mu gidan jiya. Likita ya ce asalinsa haka ne, amma a ƙaramin awo yana rage kaifin saƙon da jijiya ke aikawa, kuma sai an yi makonni kafin a ga amfaninsa. Ya sa ni barci da bushewar baki, ya kuma taurara mini bayan gida, wanda shi kansa yana tayar da ciwon, don haka sai da aka haɗa da yawan shan ruwa da maganin laushin ciki. Daga baya aka gwada firegabalin, ya kawo mini jiri da ƙiba, aka rage shi sannu a hankali domin ba a yanke shi lokaci ɗaya.

Wadda ta fi canza mini rayuwa ita ce ma'aikaciyar gashi, wato mai jinya ta hanyar gasa jiki da atisaye, da ta ƙware a kan naman ƙasan ƙugu. Bayan haihuwa an koya mini atisayen matse gaba, wanda likitan nan na Amurka Arnold Kegel ya yaɗa tun 1948, kuma yana da amfani ga masu yoyon fitsari. Ta duba ni ta ce ni nawa naman a ɗaure yake tamau dare da rana saboda tsoron zafi, yana ƙara shaƙe jijiyar, don haka matsewa ƙara mini wuta take yi. Abin da nake buƙata shi ne in koyi saki. Ta koya mini numfashi har cikin ciki, da kwanciya ƙafafu a ɗage, da yadda zan gane na ƙanƙame in sake. Ta sa na daina dogon tsugunno da ɗaukar kaya masu nauyi. Ita ce kuma ta fahimtar da ni cewa in jijiya ta daɗe tana kuka, laka da ƙwaƙwalwa suna ƙara kaifin ji, har ƙaramin abu ya zama babba. Shi ya sa ranar da na yi fushi ko ban samu barci ba ƙunar take ninkuwa. Wannan ba ya nufin a kai ciwon yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a kundinta na rarraba cututtuka karo na 11 da ya fara aiki a Janairun 2022, ta ba zafin da ya wuce wata 3 gurbinsa na kansa.

A gida kuwa, abubuwan da suka gyara mana zama ƙanana ne. Maigida ya sayo soso mai tauri ya yanke tsakiyarsa ya bar gefe biyu, na ɗinka masa riga, shi ne matashin da nake yawo da shi ko'ina. Ya kira kafinta ya ƙara wa teburin yanka tsawo, ya yi wani dogo a falo inda nake cin abinci a tsaye, shi kuma yakan tsaya tare da ni. Hirar dare ta koma ƙasa a kan shimfiɗa, ni a kwance a gefe, yara kewaye da ni da littattafansu. Na koma sana'a ta wata fuska: ni ke awo, ni ke yanka, ni ke guga, wata yarinya da na koya wa aiki ita ke kan keke. Yankan nan dama shi ne gwanintata.

Surukata kuwa, ɗanta ne ya yi mata bayani, ban san da waɗanne kalmomi ba. Zuwanta na gaba, na shigo zan ɗosana kamar kullum sai ta ce, "A'a 'yata, kwanta abinki. Ni ma bari in miƙe ƙafa." Ta sauko ƙasa ta zauna kusa da kaina. A ranar ta ba ni labarin wata lalura da ta yi fama da ita bayan haihuwar maigidana, wadda ta ce ko mijinta bai taɓa sani ba har ya rasu. Tun daga nan ita ke tare mini faɗa. In aka ce ban zo wuri kaza ba, ita ke cewa, "Ba ta da lafiya, ni na sani." Ba dukan dangi ne suka fahimta ba, akwai waɗanda har yanzu suke ganin shagwaɓa ce, kuma na daina kashe ƙarfina wajen gamsar da su.

Maganar shimfiɗa ita ta fi ɗaukar lokaci, kuma zan faɗi abin da kunya ta bari domin na san a nan aure da yawa ke karyewa. Ma'aikaciyar gashin ce ta nemi ya zo, ta yi mana magana mu biyu ba tare da kwana-kwana ba. Muka yi yarjejeniya cewa duk lokacin da na ce a tsaya za a tsaya, babu fushi babu bashi. Sanin haka kaɗai ya sa jikina ya rage ƙanƙamewa. Mun koyi zaɓar lokacin da ciwon ya fi sauƙi, wato da safe, da yanayin da nauyi ba ya sauka a wurin. Mun kuma koyi cewa akwai kusanci mai yawa da ba ya tayar da komai. Akwai lokutan da abin ke gagara na tsawon makonni, yana jin nauyin haka, ni ma ina ji. Bambancin shi ne yanzu muna faɗa wa juna. Masu jinyar irinmu su ma suna gajiya, kuma ba a cika tambayarsu ya suke ba. Na taɓa ce masa, "Baban yara, kai fa wa kake kai wa kukanka?" Ya yi dariya, amma daga baya ya fara fita wurin wani amininsa yana rage abin da ke cikinsa, kuma na ga amfanin haka a fuskarsa.

Yara sun fi manya saurin sabawa, sai dai suna da tsoron da ba sa faɗa. Na tsakiyan ya taɓa tambayata, "Umma, ciwon nan kashe mutum yake yi?" Ashe ya daɗe da wannan a ransa. Na ce masa a'a, jijiya ce ta ji rauni, tana da zafi amma ba ta kisa. A daren ya yi barcin da ya daɗe bai yi ba. Wadda nake sa wa ido ita ce babbar, domin ta ɗauki kanta uwa ta biyu tun ba ta isa ba. Ina tilasta mata ta fita wurin ƙawayenta, ina kuma hana ta barin karatu saboda ni. Ba na son ta tashi tana jin lafiyata a wuyanta take.

A ibada ma zaman ne wahalata, na tambaya aka nuna mini sauƙin da addini ya yi wa mara lafiya, na karɓa hannu biyu. Abin da ke yi mini ciwo shi ne masu cewa in ƙara addu'a, da wata murya mai nuna kamar ƙarancin imani ne ya hana ni warkewa. Ina addu'a, ina shan magani, ina zuwa gashi, ban ga inda ɗaya ya kori ɗaya ba. Haka kuma masu zuwa da kwalba suna rantsuwar cewa cikin mako guda zan manta da ciwon. Irin wannan alkawari yana ɗaga rai sama ya sako shi, kuma faɗuwar ta fi zafin ranar da ba a sa rai ba. Yanzu duk abin da aka kawo sai na nuna wa likita.

Fatan da nake da shi a yau ina iya auna shi. A da ko gaisuwa ba na ƙarasawa a zaune, yanzu da matashina ina cin abinci in gama, wani lokaci har in ɗan ƙara hira. Ranakun tashin ciwon suna nan, amma sun yi nisa da juna, kuma na san abin yi in sun zo: in kwanta, in sa sanyi a wurin ta bayan zane, in soke abin da na shirya ba tare da na tsani kaina ba. Akwai tiyatar da ake yi a saki jijiyar daga inda ta matse, likitocin Nant ɗin nan suna cikin waɗanda suka yi fice a kanta. Likitana ya gaya mini gaskiya cewa wasu suna samun sauƙi sosai, wasu kaɗan, wasu babu, kuma sauƙin kan ɗauki watanni masu yawa kafin ya bayyana. Muna ta juya maganar ni da maigida. Shi yana tsoron wuƙa, ni kuma wani lokaci ina jin zan iya, wani lokaci in ce abin da na samu ya ishe ni tukuna.

Babbar 'yata za ta kammala makaranta a ƙarshen wannan zangon, kuma makarantar tana da nisa. Na ce mata zan zo. Likita ya yarda a sake yi mini allurar kafin tafiyar, ko za ta ba ni ɗan sarari. Maigida ya riga ya gwada kujerar bayan mota ya ga zan iya kwanciya a gefe in naɗe ƙafa, ya kuma tsara inda za mu riƙa tsayawa in taka ƙasa. Surukata ta ce da ita za a je, ita za ta zauna a gaba. Maganar tiyata mun ajiye ta sai mun dawo.